Fegin da Na Buga a Saman Tankin Alhaji

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ni ɗin nan, da furfurata da hular da nake karkatawa gefe in zan yi maganar ilimi. Na faɗa da wuri ne don kada mai karatu ya wahalar da kansa yana laluben wawa a cikin sauran mutanen, alhali ga shi riƙe da alƙalami.

Sana'ata dillancin filaye ce a nan Kawo, tun zamanin da in ka ce wa mutum ya sayi fili a Rigasa zai tambaye ka ko da kuraye kake son ya yi maƙwabtaka. Boko kuwa na yi, kada a raina ni. Na kai aji huɗu na firamare, kuma na fita ne don na ga malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Sauran ilimin a rediyo na ƙarasa shi. Babu ƙasar da za a yi juyin mulki ban yi wa majalisarmu sharhinsa ba, wani lokaci ma tun kafin mai karanta labarai ya kai ƙarshen jimla. Mai ɗakina, Hajiya, takan ce rediyon nan da yana da ƙafa da tuni ya gudu, don bai taɓa gama magana a gidanmu ba.

Autata ita ce ta ɗauko boko da gaske. Ta yi digiri a injiniyancin lantarki, ta ga bai ishe ta ba, ta koma neman na biyu. Ni Injiniya nake ce mata, ko da aiken barkono zan yi mata. Wata ranar damina ta shigo gida rungume da wani akwatin roba ruwan toka, kamar zabirar wanzamin da ya yi arziki, ɗan sahu kuma ya sauke mata dogon ƙarfe da eriya mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi. Ina kan tabarma a tsakar gida, na ce, "Injiniya, karatun ne ya ƙare aka koma gwangwan?"

Ta yi dariya ta durƙusa. "Baba, ara mini rediyonka."

Na miƙa mata. Ta murɗa, wata tasha ta fito ana wa'azi. Ta ƙara murɗawa kaɗan, sai shuuu. Ta ƙara, ga wasu suna musu a kan ƙwallo. Ta dawo da allurar tsakiya, ta bar ta a kan shuuu ɗin nan, ta ce, "Me ka ji?"

"Batir na ƙonewa a banza."

"To nan ne aikina. Kowace tasha tana da gurbinta a iska, hukuma ce ke yanka mata ta ba ta lasisi. Masu rediyo, masu talabijin, kamfanonin waya, jiragen sama, kowa da nasa. An yanka an raba har ana cewa wuri ya ƙare. Amma in ka kasa kunne, da yawa masu wurin ba sa nan. Wani a can wani gari yake watsa shirinsa, a nan Kaduna gurbinsa fayau. Wani ya buɗe da safe ya rufe da rana. Kamar fili ne a zaune, babu kowa a kai."

Jama'a, akwai kalmar da in aka faɗa a gaban dillali sauran maganar duniya takan koma shuuu. Na tashi zaune.

"Fili kika ce?"

"Misali ne, Baba. Shi wannan akwatin, kafin ya yi komai sai ya fara..."

"Babu kowa a kai?"

"Na ɗan lokaci. Bari in ƙarasa. Sai ya fara saurara, in ya ji..."

"Na gane," na ce, na ɗaga mata hannu irin na wanda ya ga duniya. "Ni za ki koya wa fili? Tun ba a haifi malamanki ba nake wannan karatun."

Hajiya tana bakin murhu tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ya gane, 'yar nan. Ɗauki kayanki ki shiga. Ya gane tun kafin ki shigo."

Abin da na bari ya shiga kunnena daga baya, a gutsure, shi ne akwai wani ɗan asibiti a ƙauye gaba da Katabu inda sabis sai an hau tudu. Injiniya tana so ta gwada aika musu intanet ta cikin guraben talabijin da ba kowa, don wai su suna tafiya nesa, bishiyoyi ba sa tare su. Hukuma ta yarda da gwajin. Abin da ya rage wuri ne mai tsawo da za a ɗaure eriya ta fuskanci Katabu. Gidanmu kuwa ko akuya ta yi tsalle tana ganin rufinsa. A duk layinmu wuri ɗaya ne ya isa, wato ƙarfen tankin ruwan maƙwabcinmu Alhaji mai bene. Ta riga ta je ta gaishe shi, ya kuma amince. A ƙarshen wata malamanta za su zo su ga abin yana aiki da idonsu. In ba su gani ba, sai ta jira wata shekara, ta sake komai daga tushe.

To, a nan ne ya kamata in rufe bakina. Amma ka taɓa ganin an ba dillali labarin fili ya kwana da shi a ciki?

Majalisarmu wasu bencina ne a gindin dalbejiya, gefen masallaci, bayan la'asar. Akwai mahauci mutumin Rigasa da ke da teburi a bakin titi, akwai tela, akwai wasu masu zuwa su tafi. Alhaji mai bene yana da kujerarsa ta roba da ake fito masa da ita. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai tabarau, irin mutanen da ko sannu za su ce sai sun duba ta gaba da baya. Kuma duk majalisar ta san ciwonsa. Shekarun baya ya ara wa wani mutum filinsa a Katabu ya shuka masara damina ɗaya. Aiki ya kai shi wani gari. Da ya dawo ya tarar da masarar ta zama ɗaki biyu da rijiya da turken awaki, mutumin ma har ya yi masa tayin ruwan sha a matsayin baƙo. Sai da Alhaji ya tsufa a bencin kotu kafin ya karɓi abinsa. Tun daga nan ko tsintsiya aka zo aro gidansa sai an faɗi ranar dawowa. Na san wannan labari sarai, ni ma nakan ba da shi in ba ya nan, har da kwaikwayon muryarsa.

Ranar na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce, "Jama'a, filayen ƙasa sun ƙare, mun koma sama."

Tela ya ce, "Lahira za ka fara dillanci?"

"Kai dai zauna da zarenka. Injiniyata ta gano filaye a iska. Nan saman kanmu. Fayau, ba kowa, masu su sun yi tafiya."

Mahauci ya ce shi in dai da gaske ne a ba shi na bakin titi, inda motocin Zariya ke wucewa. Na ce ya samu. Tela ya ce shi na kusa da masallaci yake so, don kada sallar asuba ta riƙa wuce shi. Na ce an rubuta. Ana ta dariya, ni kuma dariya man fetur ce a wurina. Na nuna benen Alhaji da carbi na ce, "Amma babban filin, mai fuska biyu, na kan kwana, ga shi can saman tankin Yallaɓai. Can za mu fara buga fegi."

Alhaji ya sauke jaridarsa. Ya ce, "Wane fegi? Yarinyar ta ce mini eriya ce ta gwaji, kuma..."

"Eriya sunan boko ne, ranka ya daɗe. Mu a sana'a, duk ƙarfen da aka kafa a fili fegi ne. Kuma ka san ƙa'ida, wanda ya fara buga fegi a filin da mai shi ba ya nan, to sai dai a yi sulhu da shi."

"Ina so in fahimta, shin..."

"Aro ne kawai, Yallaɓai. Aro. Kamar dai mutum ya ara ya shuka 'yar masara."

Wallahi sai da kalmar ta fita na ji ɗanɗanonta. Tela ya sunkuyar da kai kamar allurarsa ta faɗi. Alhaji ya naɗe jarida a hankali, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce, "Masara." Ya tashi ya shige gida, ko kujerar bai ce a shigar ba.

Washegari Injiniya ta kinkimi ƙarfenta ta nufi gidan, ta dawo da shi a kafaɗa. Matar Alhaji ce ta tare ta a ƙofa da haƙuri, wai Alhaji ya ce a bar maganar tanki, yana da hawan jini. Yarinyar nan ba ta yi mini tsiwa ba, da ma ta yi da na samu abin kamawa. Ta jingine ƙarfen a jikin katanga, ta zauna a kan turmi ta ɗora akwatin a cinya, tana ta goge shi da gefen mayafi alhali ba ƙura. Ta ce, "Baba, sauran kwanaki kaɗan fa."

Na ce kada ta damu, gyaran ciniki ai aikina ne. Hajiya ta ce, "Malam, don Allah zauna." Na ce mace ba ta san sulhun maza ba.

Na samu Alhaji a barandarsa. Na yi masa bayani mai tsawo, mai kyau, wanda har yau nake ganin da an ɗauka a kaset da an koyar da shi a jami'a. Na ce iskar da ke saman gidansa ai ba a cikin takardar gidansa take ba, in ya duba. Na ce ko da zaman ya yi tsawo ba za mu manta da shi ba, za a fitar masa da kasonsa. Na ce ni da kaina zan tsaya shaida. Ya buɗe baki sau da yawa, ni kuma don kada ya wahala nakan amsa masa tambayar tun bai yi ta ba. Da na gama ya raka ni har ƙofa da mutunci, ina fita na ji ƙarar sakata, sannan na ji ta kwaɗo. Kafin zuwana sakata kawai ake sawa.

Abin da maza suka ɓata, mata suka ɗinke ta kan katanga. Ban san me Hajiya ta ce wa matar Alhaji ba, na dai ga kwanon dambu ya tsallaka, ya dawo da amsa. Alhaji ya yarda yarinya ta zo ta nuna masa akwatin a tsakar gidansa, a ƙasa, ba a kan tanki ba. Ni kuma aka ce in zo in riƙe ƙarfe, tunda yana da nauyi. Hajiya ta bi ni har zaure tana cewa, "Ƙarfe aka ce ka riƙe. Da hannu ake riƙe shi, ba da baki ba."

Injiniya ta shimfiɗa kayanta a kan tebur ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Ta haɗa akwatin da kwamfutarta, wasu layuka suka fito kamar kunyoyin gona, wasu da tudu wasu a kwance. Ta ce, "Baba Alhaji, masu tudun nan masu wuri ne, suna kan aikinsu. Waɗannan na kwance ba kowa yanzu. Akwatin ba ya fara magana. Saurare yake fara yi, sai ya tabbata gurbi shiru ne sannan ya shiga ya aika saƙonsa. Kuma yana ciki ma kunnensa a buɗe yake."

Alhaji ya ce, "In ya shiga ya ji daɗin wurin fa?"

Ta ɗauko wata 'yar na'ura mai maɓalli ɗaya, kamar makunnin ƙararrawar ƙofa, ta sa masa a hannu. "Yau kai ne mai wurin. Ga shi can ya ari gurbinka, ka ga koren layin? Danna, ka dawo daga tafiya."

Ya danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa garwashi. Kafin ya ɗaga yatsan, koren layin ya ɓace daga wurin ya bayyana can gefe a wani gurbin.

Alhaji ya gyara tabarau. "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Ban yi masa magana ba fa."

"Motsinka ya ji."

"Ba sammaci?"

"Babu."

"Ba lauya? Ba a ɗaga zama?"

"Ko ɗaya, Baba Alhaji. In ma ya duba ko'ina masu wuri suna nan, shiru zai yi ya jira. Akwai kuma guraben da aka hana shi ko leƙawa, kamar na jiragen sojan sama na Mando, ko da shekara za su yi shiru."

Ta maido akwatin gurbin farko, Alhaji ya sake dannawa, akwatin ya sake tashi. Ya sake. Dattijon nan da ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ga shi yana dariya har da buga tebur, yana korar akwati daga kunya zuwa kunya kamar yaro da kaji. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga ɗan aro mai kunya. Ya ce wa Injiniya, "Kin tabbata ba ya haƙa rijiya?" Ta ce ko turken akuya ba ya kafawa.

Ni fa duk wannan lokaci ina tsaye rungume da ƙarfe kamar mai gadin tuta. Maganganu sun taru mini a maƙogwaro har ina jin zafinsu a kunne.

Can Alhaji ya daina dariya, ya dubi ƙarfen da ke hannuna. Ya ce, "Akwati na ji, yana da tarbiyya. Amma wannan ƙarfen ba shi da kunne. In aka ɗaure shi a tankina..." Sai ya yi shiru yana tunani.

To ni dai yanzu aka gama koya mini ilimi a gabana. Na saurara, na ji shiru, gurbi fayau ba kowa a kai. Na shiga.

"Yallaɓai, ai ƙarfe ba matsala ba ne, in ya daɗe ma ado zai zama, kuma darajar gida..."

"Abin da nake cewa..." in ji Alhaji.

"...ƙaruwa take yi, ni na sayar da gidaje masu eriya, har rububi..."

"Malam, ina magana."

"...ake yi, kuma in asibiti ɗaya ya ji daɗi sai na biyu, sai mu ƙara wani ƙarfen ta gabas..."

Rabin karatun na ɗauka, ka gane. Na iya shiga, fitar ce ban tsaya an koya mini ba. Na ga fuskar Injiniya ta canza, ta rufe ido kamar mai jiran a fasa tulu. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki 'yar na'urar nan, ya miƙe hannu ya saita ta daidai bakina, ya danna. Ya sake dannawa. Ya girgiza ta a kunne, ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, wannan ba ta aiki a kan tsohon samfuri?"

Matarsa ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki, ina jin dariyarta har ta taga. Ni kuma na gano cewa ƙarfen nan yana da wani tsatsa a gindi da ke buƙatar a duba shi da kyau.

A cikin shirun da na bari, wanda shi ne gudummawata mafi girma ga ilimin kimiyya, Injiniya ta yi bayani. Ba walda za a yi ba, da noti za a ɗaure, kuma ranar da malamai suka gama dubawa ranar za a kwance. Ta zaro sifana daga jakarta ta ajiye a gabansa, ta ce ya riƙe a wurinsa, duk sa'ar da ya ga dama ya sa a sauke, ba sai ya nemi kowa ba. Alhaji ya juya sifanar a hannu, ya sa ta a aljihun da yake sa tabarau. Ya ce ya yarda, bisa sharaɗi ɗaya: mahaifinta kada ya taka gidan, kada kuma ya ambaci tankin a majalisa, har a sauke ƙarfen. Na buɗe baki in ce sharaɗin ya yi tsauri, ya ɗaga na'urar, na rufe.

Ranar gwajin daga tsakar gidana na kalla, ina tsaye a kan turmi ina leƙe ta katanga, ni da na yi rabon filayen sama. Na ga malaman sun zo da motarsu, na ga Alhaji da babbar riga yana nuna musu tanki kamar shi ya ƙera eriyar. Daga baya na ji ihu da tafi, wai ma'aikaciyar asibitin can gaba da Katabu ta fito a kwamfuta tana ɗaga musu hannu, har Alhaji ya tambaye ta lafiyar marasa lafiya. Kafin magariba an kwance ƙarfe, Alhaji da kansa ya murɗe notin ƙarshe. An ce har ya ce in za a sake gwaji tankinsa na nan.

Injiniya ta shigo da akwatinta tana murmushi har kunne, ta durƙusa ta ce malamai sun karɓa. Na sa mata albarka, kuma da gaske na sa. Sai dai hali ba ya jin kunya. Da na ga gida ya yi daɗi, Hajiya na zuba tuwo, na karkata hula na ce, "Ai ni ban yi mamaki ba. Duba wurin da ba kowa, a shiga a yi amfani da shi, wannan ai dillanci ne tsantsa. Jini ba ya ɓuya. A wurina ta koyo."

Hajiya ta ajiye mara a cikin kwano, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙwarai a wurinka ta koyo, Malam. Tun tana goye take kallon mutumin da ba ya saurare kafin ya shiga, ba ya fita in mai magana ya dawo. Shi ya sa da ta girma ta je ta ƙera wanda ba kai ba."